Idan Iyakwandishan Ya Fara Zubar Da Ruwa A Ɗaki: Yadda Ake Buɗe Tiyon Da Ya Toshe

Da zarar damina ta kankama, akwai ƙorafin da ba ya yankewa a gidaje da ofisoshi da shaguna, daga Kano zuwa Sakkwato, daga Maiduguri zuwa Maraɗi: iyakwandishan yana tsiyayar da ruwa a cikin ɗaki. Da ɗigo ɗai-ɗai abin yake farawa. Yau a shimfiɗa tsumma, gobe a tara roba, kafin mako ya zagayo fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani baƙin layi ya gangaro bango ya nufi soket. Sai a kira mai gyara, kuma sau da yawa tun bai buɗe murfi ba zai ce, "Ai gas ne, Alhaji." A biya kuɗin gas, a yi kwana biyu, ruwa ya dawo.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Idan na'urarka tana ba da sanyi yadda ta saba amma ruwa na zuba ta ciki, galibi babu abin da ya sami injinta. Hanyar da ruwan ke bi ya fita waje ce ta toshe. Buɗe ta kuwa aiki ne da maigida ko uwargida za su iya gamawa da kansu, da buta da tsumma da ɗan haƙuri, muddin an bi shi daki-daki kuma an kiyaye wutar lantarki.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Ba wanda ya ɗura wa na'urar ruwa, daga iskar ɗakinka take tatso shi. Ka ɗauko kwalbar lemo daga firji ka ajiye a kan tebur a watan Agusta, nan da nan jikinta zai yi gumi har ya jiƙa tebur. Laimar da ke cikin iska ce ta taɓa abu mai sanyi ta koma ruwa. Haka ake yi a cikin akwatin da ke manne a bangonka. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta ratsa kwayil, wato siraran faifan alminiyam ɗin nan da ke jere kusa da kusa a bayan ragar tace ƙura, waɗanda bututun jan ƙarfe mai ɗauke da gas ke sanyayawa. Laima ta kwanta a kansu, ta gangara cikin wani dogon tire na roba da ke ƙarƙashinsu, daga tiren ta shiga tiyo, tiyo ya ratsa bango ya zubar a waje.

Tsotse laima ma shi ne aikin da aka fara ƙera na'urar dominsa. A shekarar 1902 wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya tsara ta saboda wata maɗaba'a da ke Brooklyn a birnin New York, inda danshi ke sa takarda ta kumbura, launukan da ake bugawa su ƙi hawa daidai. Don haka ruwan da ke ɗiga daga bakin tiyo a bayan gida alamar lafiya ce. Ranar da ya daina ɗiga, ana tsakiyar damina kuma na'ura tana aiki, ranar ya kamata hankalinka ya tashi.

Ruwan ba kaɗan ba ne. Na'ura mai ƙarfin doki 1 da rabi tana iya fitar da lita 1 ko fiye a cikin awa guda idan iska ta cika da laima, ke nan a dare ɗaya tana iya kusan cika bokitin lita 10. Kuma irin ta bango da muka fi amfani da ita ba ta da famfon tura ruwa. Gangara ce kawai ke fitar da shi, ta cikin tiyon da faɗin bakinsa bai wuce milimita 16 ba a yawancinsu. Tire kuwa ba shi da zurfi. Ƙaramin abu ya tare hanya, cikin mintoci ya cika ya tumbatsa.

Abin da ke toshe shi a ƙasarmu

Ruwa ba ya tsami banza. Toshewar da muke gani a watan Yuni da Yuli, tun hunturu aka shuka ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura mai laushi daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shigo ta kowace kafa. Da bazara ta kama a Maris da Afrilu, sai a kunna na'ura dare da rana. Amma a lokacin iska busasshiya ce, ruwan da ke fita ɗan kaɗan ne, bai isa ya wanke komai ba. Ƙurar da ta tsere wa raga sai ta maƙale a kwayil, ta taru a tire. Ranar da iskar kudu mai laima ta iso, ruwa ya ƙaru lokaci guda, ya kwaso ƙurar wata da watanni ya dama ta, ta zama taɓo, ya kai ta bakin wannan ɗan siririn tiyo.

A cikin tiyon kuma akwai duhu da danshi, wurin da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke son zama. Su ke haifar da yauƙin nan mai santsi, wani lokaci fari-fari, wani lokaci ƙasa-ƙasa, da ke manne wa jikin roba yana kama duk ƙurar da ta zo wucewa. Ɗakin da ake yawan turaren wuta, ko falon da hayaƙin suya ke shigowa daga kicin, ya fi saurin haɗa wannan dasƙararren datti, domin hayaƙi yana barin maiƙo a raga da kwayil.

Sai kuma baƙin da ke shigowa ta waje. A watannin da tiyo ya bushe, zanzaro yana samun bakinsa daidai da buƙatarsa, ya kawo laka ya liƙe shi tsaf. Kyankyaso da 'yar tsaka suna shiga neman sanyi su mutu a ciki. Akwai kuma toshewar da ba datti ya kawo ta ba: tiyo ya lanƙwashe a bayan injin waje, ko an jingina masa wani kaya, ko ya saki ciki a tsakiya ruwa na kwanciya, ko bakinsa ya nutse a yashi, ko ya nutse cikin ruwan bokitin da aka tara masa.

Ka tabbatar da ciwon kafin magani

Ba kowane ɗigo ne toshewa ba, saboda haka ka duba waɗannan kafin ka ɗauko tsani.

Ka kunna na'ura ta yi kamar minti 20 a ranar da ake jin laima, ka zagaya waje. Idan bakin tiyo a bushe yake ko yana ɗiga da ƙyar, ga kuma ruwa na zuba ta ƙasan akwatin da ke ɗaki, toshewa ce. Warin tsami ko na rumar ɗaki idan an kunna, da ƙarar ɓulɓul daga cikin akwatin, duk suna ƙara tabbatar da haka.

Idan ka ɗaga murfi ka ga ƙanƙara ta rufe kwayil, sanyi ya ragu, wani lokaci har ɓarɓashin ƙanƙara na fitowa da iska, wannan wata matsala ce dabam. Ko dai raga ta cushe iska ba ta wucewa, ko gas ya ragu. Ƙanƙarar idan ta narke ta fi ƙarfin tire. Ka kashe, ka bar ta ta narke da kanta, ka wanke raga, ka sake gwadawa. In ƙanƙara ta dawo, nan ne maganar gas ta taso. Ka kuma sani cewa gas ɗin na'ura ba ƙonewa yake yi kamar man janareta ba, zagaye yake a rufaffen bututu. In ya ragu, wani wuri ne ke yoyo, kuma ƙara shi ba tare da an nemo wurin an toshe ba zubar da kuɗi ne.

Idan ruwan na bin bango daga inda bututu ya shiga, ka duba baƙin soson da aka naɗe bututun jan ƙarfe da shi. In ya yage ko ɓera ya ci shi, bututun da kansa ne ke gumi, kuma sabon soso da tef ne maganinsa. Idan kuwa kullum ta gefe ɗaya ruwan ke zuba, gefen da ba tiyo, to ko na'urar ta karkace a kan ƙarfen da aka rataye ta, ko toshiyar robar da ke rufe ɗaya ƙofar tiren ta saki. Yawancinsu ƙofa biyu gare su, dama da hagu, ana sa tiyo a ɗaya a toshe ɗaya.

Kayan da za ka tanada

Tsani mai ƙwari, tocila, buta ko gorar ruwa mai siririn baki, bokiti, tsummoki, leda babba, safar hannu ta roba, tsohon buroshin haƙori, sukundireba, babban sirinji marar allura daga kemis, farin ruwan khal, da wata doguwar waya mai laushi. Kebul ɗin birkin keke yana yi, haka ma igiyar robar da masu wayarin ke jan waya da ita a cikin bututu. In akwai injin zuƙe ƙura irin mai shan ruwa, to aiki ya zo da sauƙi. Ka kuma nemi mutum na biyu, ya riƙe maka tsani, ya tsaya maka a waje lokacin gwaji.

Mataki na farko: yanke wuta

Rimot ba ya yanke wuta, barci kawai yake sa na'ura. Ka zare filogi daga soket, in babu filogi ka kashe makunnin da ke ba ta wuta daga allon wutar gidan. Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Ana iya kawo ta kana saman tsani da jiƙaƙƙen hannu, ko wani ya tada janareta bai san kana aiki ba. Wutar gida bolt 230 ce, kuma ruwa na ba ta hanya. Ka sanar da mutanen gida. Ka janye talabijin da kujeru daga ƙarƙashi, ka manna leda a bango, ka shimfiɗa tsumma. In bangon ya riga ya jiƙe har soket, kada a mayar wa wannan soket wuta sai ya bushe kuma mai wayarin ya duba shi.

Mataki na biyu: fara daga waje

Mutane da yawa suna fara kwance akwatin da ke ɗaki, alhali matsalar tana bakin tiyo. Ka bi shi da ido da hannu tun daga inda ya fito bango har ƙarshensa. Ka miƙe inda ya lanƙwashe, ka ɗaga inda ya saki ciki, ka ciro bakinsa daga yashi ko daga ruwa. Ka haska tocila a ciki. In ka ga busasshiyar laka ta rufe shi kamar an yi yaɓe, aikin zanzaro ne, ka sa tsinke ka farfasa ta a hankali tana zubowa ƙasa, kada ka tura ta ciki. Ka kauce gefe, domin ruwan da ya taru a baya zai iya kwararowa lokaci guda. Sau tari aikin a nan yake ƙarewa.

Mataki na uku: raga da tire

Ka ɗaga murfin gaba ta gefe biyu, ka zaro ragogin. Ka kakkaɓe su a waje, ka wanke da ruwa da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa, domin zafin rana yana nannaɗe robar. Sai ka haska ƙasan kwayil. In tire cike yake, ka zuƙe ruwan da sirinji ko ka tsane shi da tsumma. Ka goge taɓon da hannunka ya kai gare shi, ka nemi ramin da ruwa ke fita a ƙarshen tiren, ka share bakinsa da buroshi. Abu biyu za ka kiyaye a nan. Faifan alminiyam suna da kaifi, suna yanka yatsa, kuma da ka danna su sun lanƙwashe. Akwatin wayoyi da allon lantarki kuwa galibi yana hannun dama, kada ɗigon ruwa ya kusance shi. A wasu na'urorin sai an kwance fuskar gaba ɗaya kafin a ga tire sosai, kuma ƙusoshinta suna ɓoye ƙarƙashin 'yan murafai kusa da mafitar iska. In ba ka saba ba, kada ka tilasta, maƙallan roba ne, suna karyewa.

Mataki na huɗu: zuƙo dattin ta waje

Wannan ita ce hanya mafi aminci, domin tana jan datti ta inda ya kamata ya fita. Ka haɗa bakin injin zuƙa da bakin tiyo, ka naɗe mahaɗar da jiƙaƙƙen tsumma ka matse da hannu don kada iska ta shiga, ka kunna minti 1 zuwa 2. Injin da aka yi don busasshiyar ƙura kaɗai bai dace ba, ruwa zai ƙona shi. In babu inji, ka sa bakin babban sirinji a tiyo, ka naɗe da leda ko robar tayar keke, ka ja da ƙarfi, ka cire ka zubar, ka maimaita.

Za ka gane lokacin da ya buɗe. Da farko sirinji zai riƙa turjewa yana komawa baya. Can sai ka ji ya saki, wani dunƙule mai santsi kamar tsawon ɗan yatsa ya sulɓo, ƙasa-ƙasa da ɗigon baƙi, wani lokaci da fiffiken kyankyaso a jikinsa. Ruwa mai wari ya biyo shi da gudu, ya yi ta zuba, sannan a hankali ya sirance ya koma garau.

Na sha ganin masu gyara suna sa baki su zuƙa. Kada ka yi, kada kuma ka sa yaro ya yi. Ruwan da ya kwana da fumfuna da mataccen ƙwaro ba abin kai wa baki da huhu ba ne.

Mataki na biyar: in ya ƙi

Ka ɗauko wayar nan mai laushi, ka naɗe kanta da tef don kada ta huda roba, ka tura ta bakin waje kana murzawa. In ta tsaya, ka ja baya kaɗan ka sake turawa, ka fito da ita ka goge, ka sake zuƙa. Tiyon mai gaɓa-gaɓa ne kuma fatarsa siririya ce, shi ya sa ba a sa masa wayar rataye kaya ko rodi. Hudar da za a yi masa a cikin bango ta fi toshewar muni, domin ruwan zai riƙa shiga bulo ba wanda ya gani.

In har yanzu shiru, sai a tura daga ciki zuwa waje. Ana ɗaga gindin na'urar kaɗan daga bango, a tokare, a zare tiyo daga bakin tire, a sa famfon keke a hura. Wannan aikin mutum biyu ne, kuma ba a janyo na'urar da nisa, domin bututun gas na bayanta, in ya lanƙwashe ko ya tsage gyara ya zama babba. Kada a taɓa hurawa daga waje zuwa ciki alhali tiyo na haɗe da tire. Duk taɓon zai koma ciki ya fantsama a kan fanka da allon lantarki. Kada kuma a kawo iska mai ƙarfi irin ta masu faci, musamman inda aka binne bututu a bango, tana iya ɓalle mahaɗa a inda hannu ba ya kai.

Idan tiyon ya sha rana har yana ɓarɓashewa in an matsa shi, ba wanki yake buƙata ba. A sayo sabo a canza, yana cikin kayan na'urar mafi araha.

Mataki na shida: wanke hanya, sannan gwaji

Buɗewa ba ta nufin yauƙin ya tafi, yana nan manne a jikin roba. Ka haɗa rabin kofin shayi na farin ruwan khal da ruwa daidai shi, ka zuba a hankali cikin tire ta kusa da ramin fita, ba a kan kwayil ba. Ka bar shi minti 30, sannan ka bi shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Sai gwajin buta, wanda shi ne shaidar aikin. Ka cika buta da ruwa kamar lita 1, ka riƙa zubawa siriri a ƙasan kwayil yana gangarawa tire, abokin aikinka yana waje da bokiti. Abin da ake so shi ne ruwa ya bayyana a waje cikin ɗan lokaci, ya zuba ba yankewa, abin da ya fita ya yi kusa da abin da aka zuba, kuma ƙasan na'urar ya zauna a bushe. In haka ta samu, ka mayar da busassun ragogi, ka rufe, ka goge ko'ina, ka bushe hannunka, ka mayar da wuta. Ka bar ta ta yi rabin awa, ka sake leƙa waje.

Abubuwan da ba a zubawa

Kada a zuba soda mai ci, ko asid ɗin wanke bayan gida, ko fetur, ko kananzir, ko tafasasshen ruwa. Wasu suna cin roba, wasu suna cin alminiyam da jan ƙarfe, wasu kuma fanka za ta hura tururinsu cikin ɗakin da ake kwana. Bilic ma, duk da yana kashe fumfuna, yana cin ƙarfen kwayil, gara a bar shi. Babban gargaɗi kuma: kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, ko a zuba ɗaya a bayan ɗaya. Haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai guba, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu.

Sauran nau'o'in na'ura

Ta taga ba ta da dogon tiyo. Ana girka ta ne ta ɗan rusuna waje, don ruwa ya taru a baya ya fita ta wani rami. In ta rusuno ciki, ɗaki zai sha ruwa ko da ramin a buɗe yake. Ƙarar facal-facal daga bayanta ba lalacewa ba ce, a da yawansu fanka ce ke watsa ruwan a kan kwayil ɗin waje don ya sanyaya shi. Ta tsaye, irin ta masallatai da ɗakunan taro, hanyarta ɗaya da ta bango, sai dai tiyonta a ƙasa yake, ana yawan taka shi ko a danne shi da kafet.

Ta cikin silin kuwa, wadda ake gani a bankuna da otal-otal, tana da ɗan famfon tura ruwa da wani makunni mai yawo a kan ruwa da ke kashe ta in tire ya cika. In irinta ta riƙa mutuwa da kanta, ko tabo ya fito a silin, a kira masani. Haka ma manyan na'urori masu bututun iska, waɗanda magudanarsu ke da lanƙwasa mai riƙe ruwa da murfin wanki a kusa da ita.

Lokacin da za ka kira mai gyara

Ka kira shi idan ƙanƙara ta ƙi daina fitowa, ko tire ya tsage, ko na'urar ta karkace, ko bututun yana binne a bango ya ƙi buɗewa, ko bakin tiyo yana saman bene inda sai an yi dabo kafin a kai. Babu ɗigon ruwan da ya kai faɗowa daga bene. Kada ka buɗe injin waje, akwai abin da ke riƙe caji a cikinsa ko bayan an yanke wuta. Kada kuma ka sa wuƙa ka ɓamɓare ƙanƙara, domin gas ɗin sababbin na'urori irin R32 da R290 yana kama wuta. Sau ɗaya a shekara na'ura tana buƙatar cikakken wanki na kwayil da fanka, wannan ma aikinsa ne. In ya gama, ku yi gwajin buta tare kafin ku yi sallama. Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin wannan.

Yadda ba zai sake toshewa ba

Tun ran gini ran zane. Ranar da ake girka sabuwar na'ura, ka tsaya a kan abu huɗu: ƙarfen rataya ya zauna daidai ba karkata, ramin bango ya rusuna waje, tiyo ya kasance a ƙasan sauran bututai, kuma ya gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita ba hawa ba kwari. Bakinsa ya tsaya sama da ƙasa da kamar santimita 5. Kada a cusa shi cikin kwata ko bututun sokawe, domin wari da ƙwari za su biyo shi har ɗaki, iskar da ke tashi daga can kuma tana cin ƙarfen kwayil. Ka kuma duba inda yake zubarwa. Ruwan da ke bin katangar maƙwabci ko yake ɗiga a kan mai wucewa haƙƙi ne a wuyanka.

In kana tara ruwan a bokiti, ka rataye tiyo sama da bakinsa, kuma ka juye shi kullum, domin sauro na iya kammala girma daga ƙwai a ruwan da ya kwanta cikin mako guda zuwa kwana 10. Ruwan yana da amfani wajen ban ruwan shuka da goge tsakar gida. Ba na sha ba ne, ba na girki ba ne, kuma duk da yadda wasu ke yi, bai dace da batirin inbata ba, saboda ya ratso ƙura da ƙarfe. Batir tataccen ruwa yake so.

Abin da ya sa nake nanata wannan magana ya wuce fenti da silin. Bangon da ya daɗe a jiƙe yana tsirar da fumfuna, kuma zama a ɗaki mai ruma yana tada asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan danshi da fumfuna a cikin gidaje saboda wannan. Robar da aka tara a ƙarƙashin na'ura tana kare kafet, amma ba ta kare ƙirjin yaron da ke kwana a ɗakin.

Saboda haka ka sa wa aikin lokaci. Raga, duk mako biyu matuƙar ana amfani da na'ura. Ruwan khal da ɗauraya, sau ɗaya a wata daga Yuni zuwa Satumba. In za a daɗe ba a kunna ba a hunturu, a bar fanka kaɗai ta yi awa 1 ko 2 ciki ya bushe, sannan a ɗaure bakin tiyo da guntun gidan sauro saboda zanzaro, a tuna a cire shi kafin a koma kunnawa. Babban wanki da gwajin buta kuwa a yi su a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ake gyaran indararo da share magudanai, tun ƙurar hunturu tana busasshiya ba ta zama taɓo ba. Ka nuna wa wani babba a gidan yadda ake yi, tun daga zare filogi har zuwa leƙa bakin tiyo, don kada aikin ya tsaya ranar da ba ka nan.